Faratan Baba Fergal

Kilgarra,
Sati biyu kafin Ista, 1654.

Zuwa ga mijina Manus,

Gaisuwa mai yawa, da kewa wadda ta fi gaisuwar yawa. Ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya ƙafar da ka tafi tana damunka? Shanun sun saba da ciyawar can? Ka rufe bukkar kuwa, ko har yanzu ƙarƙashin amalanke kake kwana kana gaya wa mutane kai kafinta ne? Ni da Baba jikinmu lafiya lau. Hankalina ne ba ya jikina, shi ya sa na zauna rubuta maka.

Wa'adin da mutanen Ingila suka ba mu na mu tashi mu koma yamma yana nan yadda ka bar shi. Duk wanda ɗaya ga Mayu ta riska a wannan gefen Kogin Shannon, ya kuka da kansa. Na ɗaure kaya, na rabar da kajin, kuma da tafiyar ce kawai da ban dame ka ba. Amma Nuala mai gishiri, wadda za ta kawo maka wannan, ta dawo daga gada shekaranjiya da mugun labari. Ta ce yanzu sojojin Ingila ba takardar izini kaɗai suke dubawa ba, duk namijin da ya zo ƙetarewa sai ya miƙa hannuwansa biyu. Wai masu garaya ne ke bi gida gida suna kai wa 'yan tawayen daji labari. Wanda aka gani da dogon farce sai a ja shi gefe, a ƙona garayarsa, shi kuma a rataye shi a bakin gadar. Da idonta ta ga mutum biyu suna lilo.

Manus, ka san hannun Baba. Tun yana shekara goma, da agana ta cinye masa ido aka ɗora shi kan babbar garayar nan tamu mai tsarkiya talatin, ba a taɓa yanke masa farce ƙasa ba. Tsarkiyar tagulla ba ta magana da tsoka, sai da farce. Ni ce nake gyara masa su kowace Asabar tun ina 'yar shekara tara, da ƙaramin almakashin Inna da dutsen nan mai santsi, in fiƙe bakin kowanne kamar alƙalami. Makaho ne kaɗai zai kalli hannun nan bai gane sana'ar mai shi ba.

Jiya na lallaɓa na ce, “Baba, ka bari in rage su, in mun ƙetare ai za su tsiro.” Kai, kamar na zage shi! Ya ce, “Ke Gobnait, wa kika taɓa jin an yanke wa farce in ba maƙaryaci ba? Makaɗin da ya ci amanar ubangidansa ake yi wa haka, ya zauna a lungu yara na nuna shi. Ni me na ci?” Daga nan ya kama jero mini kakanninsa, ka dai san karatun. Rumann da ya yi kwana uku yana kiɗa a kan gawar ubangidansa har 'ya'yan da ke shirin kashe juna suka ajiye takubba, da Ultan Bahago da aka ɗauka a jirgi zuwa ƙasar Sikotland don kawai a ji shi, har ya sauko kan kansa, na bakwai. Ya ce duk cikinsu ba wanda ya shiga kabari da guntun farce, ba kuwa da shi za a fara ba. Na ce duk cikinsu kuma ba wanda ya shiga da igiya a wuya. Ya ce in tashi in ba shi wuri.

Garayar dai ya yarda mun binne ta. Mun shafe ta da man shanu, muka naɗe da fatar bijimi, muka tura ta cikin taɓon fadama, gabas da dutsen nan mai tsaga. Kafin nan shi da kansa ya kwance tsarkiyoyin talatin, ya ce itace ko'ina akwai, tagulla ce ba a samu. Suna ƙasan buhun gishirin da Nuala za ta ba ka. Ka goge su da mai, ka ɓoye inda ko ni ba zan gani ba.

Halinsa kuwa yana nan. Ka san ba ya iya jin abu na ƙara ya ƙyale shi, kullum cewa yake taɓa tsarkiya kowane jaki ya iya, tsayar da ita ne kiɗa. Ɗazu murfin tukunya ya suɓuce mini yana ta ƙugi a ƙasa, sai ga Baba ya taso yana lalube, ya taka wutsiyar kare, ya ture kujera, bai tsaya ba sai da ya ɗora tafin hannunsa a kan murfin ya yi shiru. Na yi dariya, dariyar ta koma kuka.

Abokin faɗansa Felim ya riga mu tashi tun Talata, da garayarsa cikin katifar ciyawa, da faratansa cikin safar hannu. Da na gaya wa Baba sai ya ce, “Felim me zai ɓoye? Ya kaɗa musu kawai, da wannan tsarkiyar tasa da yake bari sako-sako. Suna ji za su tabbata ba makaɗi ba ne, su sallame shi.”

Tsoro nake ji, Manus. Nawa faratan na cinye su har jini, da kana nan da ka buge mini hannu. Baba ya ji ƙarar haƙorina ya ce da ma shi ya sa bai taɓa koya mini kiɗa ba, mai cin farce ai sai dai ta kaɗa tukunya. Ka sa mu a addu'a. Ka gaida duk mutanen Kilgarra da ka tarar a can.

Matarka mai begenka,
Gobnait.

Wata bukkar tumaki, kwana biyu kafin gada,
Laraba bayan Ista.

Mijina Manus,

Ina gaishe ka da kyau, ina fatan kana lafiya, ka kuma yi Ista lafiya. Amsarka ta zo hannuna, mun haɗu da Nuala a hanya tana dawowa. Na gode wa Allah da ƙafar ta yi sauƙi, na kuma ji daɗi da saƙon ya isa. Ka tambayi jikin Baba. Jikin da sauƙi, tafiyar ma ya fi ni juriya. Sai dai na yi wani abu, kuma in ban faɗa wa wani ba zuciyata za ta fashe.

Sun rataye Felim. Safar hannun ce ma ta fara jawo ido, aka ce ya cire. Nuala ta ce ko musu bai yi ba, ya dai roƙe su kada su taɓa garayar. A gaban Baba ta faɗa. Baba ya ce, “Shashasha. Shekara sittin da takwas, har yanzu bai iya shiga gari ba.” Sai ya juya mana baya, na ga kafaɗunsa suna rawa.

Na ɗauka wannan zai sa ya sauko. Ina! Cewa ya yi yanzu ma ya ƙara samun dalili, in Felim ya mutu da faratansa, shi da wane ido zai tarar da shi a lahira da hannun mai wankin kwano? Na durƙusa, na roƙe shi da Allah, na roƙe shi da Uwa Maryamu, na roƙe shi da kabarin Inna. Ya ce in na gaji da shi in ajiye shi a gindin wani itace in wuce wurin mijina.

Nuala ta ja ni waje ta ce, “Ke, uba kike so ko farce? In farce ne, bayan sun sauko da shi sai ki yanka ki ajiye.” Ta tura mini 'yar kwalbar barasa a hannu ta ce in ba shi da abincin rana.

Haka na yi, Allah ya gafarta mini. Jiya ruwa ya tsare mu a nan tun hantsi. Na ba shi gurasa da nono, na ce ga barasa don sanyi, mu sha don Felim. Ya sha, ya ƙara, ya yi ta ba ni labarin ranar da suka yi gasa a gidan ubangidanmu suna samari, har barci ya kwashe shi a tsakiyar magana. Na ɗauko almakashin Inna. Na fara da ƙaramin yatsan hagu. Ƙarar da ya yi, Manus, na ɗauka har tumakin waje sun ji. Na bi su ɗaya bayan ɗaya har goma, ina yi ina kallon fuskarsa. Da na gama sai na ga bakinsu da kaifi, na ce kada ya yagi kansa, na ɗauko dutsen na goge kowanne ya yi sumul yadda na saba. Guntayen na ƙulle su a tsumma na sa a ƙirjina, na kasa zubarwa.

Da la'asar ya farka. Ya kai hannu zai sosa gemu, sai ya tsaya. Ya shafa babban yatsa a kan sauran, hannun dama, sannan na hagu. Ina tsaye ina jiran zagi, ina jiran sanda, wallahi da ya dake ni da na ji daɗi. Ya tura hannuwan biyu cikin hammata ya juya ya fuskanci bango.

Yau da safe na miƙa masa hannu in ja shi kamar kullum, sai ya laluba ya kama igiyar doki. Haka muka yi tafiyar yini guda, yana bin doki, ina bin sa. In na ce ga rami sai ya tsallake, in na ce ga abinci sai ya karɓa, amma ko sunana bai kira ba.

Ka gaya mini gaskiya, na yi laifi? Na san na yi. Amma jibi in Allah ya yarda zai miƙa hannu a gada a ce ya wuce, ya je can ya yi ta fushi da ni har shekara ashirin, na yarda. Ka gyara masa wurin kwana nesa da ƙofa, ka san ba ya son iska.

Taka har kullum,
Gobnait.

Garin gada,
Litinin.

Manus,

Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya. Ka yi haƙuri da rubutun, a kan gwiwata nake yi a zauren wata mai wanki da ta tausaya mini. Sun kama Baba.

Ni na jawo, ni da hannuna. Ranar Juma'a muka shiga layi tun safe. Sojan da ke duba hannu ya kalli na Baba ya ɗaga kai alamar mu wuce, har na fara jin numfashina ya dawo. Sai tafintansu ya ce a dakata. Ɗan ƙasarmu ne, Manus, harshenmu a bakinsa tsaf, an ce da mai tsaron ƙofa ne a wani babban gida a kudu, ya ga masu garaya iri iri. Ya kama hannun Baba yana juya shi kamar mai tayin kifi. Ya ce, “Tsoho, wa ke yi maka wannan ado haka? Farcen talaka karyewa yake yi, ya tsage, ya yi baƙi. Kai naka an yanka da almakashi, an bi da dutse, fari tas, duka goma rana ɗaya. Kuma dubi nan, ƙasan farcen bai taɓa ganin rana ba sai satin nan.” Ya dube ni ya yi murmushi ya ce, “Sannu da aiki, 'yar albarka.”

Wayyo ni! Da na bar su da kaifi, da na sa ya tona ƙasa da su, da na farfasa su da dutse maimakon in goge. Shekara ashirin ina gyara hannun nan, hannuna bai san yadda ake ɓata shi ba. Ina tsaye a gabansa ƙullin guntayen yana ƙirjina, ina jin sa kamar garwashi.

Na ce makaho ne tun yana yaro, bai taɓa riƙe fartanya ba, ni nake yi masa komai har yankan farce. Tafintan ya yi dariya, amma dole ya juya wa kyaftin ɗinsu maganata, don mutumin ya tsare shi da ido. Shi kyaftin ɗin wani busasshen mutum ne mai tari, an ce ba ya rataye kowa sai da hujja. Ya tambaya ko an sami garaya a kayanmu, aka zazzage komai a laka, babu. Ya ce a kulle tsohon zuwa Alhamis, ranar kasuwa, in tafinta yana da hujja ya kawo a gaban jama'a.

Ana barina in kai masa abinci sau ɗaya a rana ta wata 'yar taga. Yana karɓa. Jiya na ce, “Baba, don Allah in sun tambaye ka ka ce a'a. Kalma ɗaya ce.” Ya karɓi kwanon kawai ya juya mini baya. Ka san shi, mutumin da ko a wasa bai taɓa yarda a ce Felim ya fi shi ba, yaya zai tsaya a kasuwa ya ce shi ba kowa ba ne? Ni abin da nake tsoro ke nan, ya miƙe ya jero musu kakanninsa shida.

Daga inda nake zaune ina hango itacen da suke ratayewa. Na yi ƙoƙarin sauya wuri, duk inda na koma sai idona ya nemo shi.

Kada ka zo. Na san ka, kana karantawa za ka ɗauki sanda. In ka ƙetaro ba za su bar ka ka koma ba, in rasa ku biyu. Ka zauna, ka yi addu'a, ka nemi fada, limamin coci, ko a ɓoye yake ya yi mana salla ranar Alhamis da safe.

Matarka,
Gobnait.

Ƙauyen Rosbeg, yamma da kogi,
Litinin, kwana huɗu bayan kasuwa.

Zuwa ga mijina abin ƙaunata, Manus,

Gaisuwa da godiya ga Allah. Ina fatan kana lafiya, ina kuma fatan wannan za ta riga mugun labari isa wurinka. Yana da rai. Mun ƙetare. Na fara da wannan don ka zauna ka karanta sauran a hankali.

Ranar Alhamis da hantsi suka fito da shi tsakiyar kasuwa, suka zaunar da shi a kan wani kututture. Kyaftin ya yarda in tsaya a damansa tunda makaho ne. Mutane sun cika wurin, ba mai tari. An riga an rataya sabuwar igiya, na gan ta, na gode Allah shi ba ya gani.

Aka kawo Littafi Mai Tsarki aka ɗora hannunsa a kai. Tafinta ya ce, “Ka rantse. Kai mai garaya ne?” Na ji gumi na bin bayana cikin wannan sanyi. Sai na ji muryar Baba, ƙasa ƙasa, ya ce, “Ni ba mai garaya ba ne.”

Har na fara kuka don murna. Tafinta ya ce wa kyaftin wani abu da harshensu, ya juyo ya ce mana, “Rantsuwa ai kowa ya iya. Baki yana ƙarya, hannu ne bai iya ba.” Ya yi alama, sojoji biyu suka fito da garaya daga ɗakin ajiya, suka kafa ta tsakanin gwiwoyin Baba, suka jingina masa ita a kafaɗar hagu. Baba ya zauna kamar buhu, hannuwa a kan cinya. Sai mugun nan ya sa babban yatsa ya ja tsarkiyoyin tun daga sama har ƙasa da ƙarfi, ya ja da baya ya harɗe hannu.

Ka san yadda tagulla take in an sake ta. Talatin a lokaci ɗaya, suna hawa kan juna, suna ƙugi a cikin ƙashin kafaɗarsa, ba ranar tsayawa. Nan na gane abin da yake nufi. Mutumin da ya taka kare don murfin tukunya! Kuma ba wannan kaɗai ba. A cikin ƙarar akwai tsarkiya ɗaya sako-sako tana ɓata sauran, ko ni na ji ta. Garayar Felim ce. Na ga fuskar Baba ta sauya, na san ya gane ta tun kafin ni.

Hannunsa na dama ya tashi daga cinya. Ina kallo, tafinta na kallo, duk kasuwa na kallo. Yatsun suka buɗe yadda suke buɗewa in zai kwantar da tsarkiya, saura kaɗan tafin ya sauka. Sai hannun ya kauce, ya laluba iska, ya cafke wuyan hannuna. Ya matse ni har na ji ƙashi na motsi, da da faratansa da sun shige tsokata. Ya ɗaga murya irin ta tsohon da ya rikice, ya ce, “Gobnait! Gobnait, mene ne wannan suka ɗora mini? Me za su yi mini? Ki cire mini shi!”

Kwana tara ke nan rabon da ya kira sunana. Har yau ban sani ba ko wasa ya yi musu ko da gaske tsoron ne, ban kuma tambaye shi ba.

Sau uku tafinta yana jan tsarkiyoyin, sau uku Baba yana ƙara matse ni yana kiran sunana, wasu sojoji har suna dariya suna kwaikwayonsa. Fergal na Kilgarra, wanda iyayen gida ke tashi tsaye in ya shigo. A na ukun kyaftin ya yi tari ya ɗaga hannu. Ya ce shi tsoho matsoraci yake gani, a ba su takardarsu su wuce, garayar kuma a jefa ta wuta tunda mai ita ya riga ya tafi. Tafinta ya matso kusa da kunnena ya ce, “Ni da ke mun sani.” Ban dube shi ba.

Muna hawa gada suka cinna wa garayar wuta a bayanmu. Baba bai saki hannuna ba. Tsarkiyoyin suka fara tsinkewa ɗaya ɗaya, kowace da kukanta, ana ji har tsakiyar kogi. Ina jin yatsansa yana danna ni duk sanda ɗaya ta tafi. Ina jiran a ce mu dawo, ban waiwaya ba har muka taka ƙasar wannan gefe. Nan ya tsaya ya saurara, ya saurara, sannan ya ce, “Talatin ba ɗaya. Sako-sakon ce ba ta tsinke ba. Ashe shashashan ya fi ni sani.” Ya zauna a bakin hanya ya yi kuka irin wanda ban taɓa ji ba, ko ranar da Inna ta rasu.

Mun samu wata tsohuwa a nan ta ba mu gefen murhu. Ƙafafun Baba sun kumbura, ba zai iya sauran tafiyar ba, sai ka zo da amalanke. Ka tambayi gidan Onora mai saƙa, bayan rijiya.

Saura magana ɗaya, ita ce ma dalilin tsawon takardar. Shekaranjiya da rana na zaunar da shi a bakin ƙofa yana shan hantsi, na durƙusa na ba shi ƙullin guntayen, na nemi gafara. Ya juya shi a hannu ya ce in jefa a kogi, ba nasa ba ne. Na ce, “Baba, wata huɗu ne fa su dawo. Manus zai sassaƙa maka wata, tsarkiyoyinka suna nan.” Ya girgiza kai. Ya ce, “Na ɗora hannu a kan Littafi na ce ni ba mai garaya ba ne. A ranar ba ni da farce, ba ni da garaya, gaskiya na faɗa. In na sake taɓa tsarkiya na mai da ita ƙarya. Kin yi mini yankan maƙaryata, Gobnait, amma ba zan zama ɗaya ba. Daga yau kowace Asabar ki yanke su ƙasa.”

Na yi ta kuka, na ce to na kashe gidanmu ke nan, bakwai sun ƙare a hannuna. Ya ce in daina yi masa ihu a ka, in miƙo hannu. Ya bi yatsuna ɗaya bayan ɗaya yana taɓa inda na cinye, yana tsaki. Ya ce, “Dubi wannan ɓarna, kamar ɓera ya kwana a kai. Shekara ashirin kina zaune a gindina, kin ɗauka ban ji kina bin kiɗan da hanci ba? Rantsuwata ba ta hana ni magana ba. Ki cire hannun nan daga bakinki, ina da aiki da shi.”

Saboda haka in za ka taho, ka duba bakin rafi ko za ka ga irin itacen da ake fafe cikin garaya da shi, kututture ɗaya mai kauri wanda bai tsage ba. Kada ka gaya wa kowa na mene ne, ka ce kwamin shanu za ka yi.

Na san abin da nake roƙonka. Na ga igiyar da idona, na san wannan gefen ma akwai sojoji, kuma wata rana wani zai ce mata ma su miƙo hannu. In ka ce a'a ba zan ga laifinka ba. Tsoro nake ji, Manus, ya fi na ranar kasuwa. Amma yau kwana biyu ke nan ban kai yatsa baki ba, kuma ɗazu da na duba, na ga ɗan fari ya fara leƙowa a bakin na tsakiya.

Baba yana gaishe ka, ya ce ka zo da wuƙar sassaƙarka mai kyau, ba wadda ka yi ƙofarmu da ita ba. Allah ya kawo ka lafiya.

Matarka mai jiranka,
Gobnait 'yar Fergal.